Kuɗin Alhaji ko gwal ɗin matata: da wanne zan yi fim na biyu?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kano, ina da mata da 'ya'ya biyu. Na daɗe ina bin lokeshin, tun ina riƙe fitila har na kai ga ba da umarni. Bara na yi ƙundumbala na shirya fim na ƙashin kaina. Na sayar da babur ɗina, yayata kuma ta ba ni kuɗin adashen da ta kwasa, na haɗa kusan naira miliyan 3. An yi fim, duk wanda ya kalla sai ya yaba. Na ɗora shi a tashata ta YouTube, yau wata takwas, ko kwatan kuɗin bai dawo ba, ga yayata ta fara yi mini maganar kuɗinta. Yanzu ina da labari mai dogon zango da nake ganin ya fi na farko. Wani Alhaji, abokin kawuna, ya ce zai ɗauki nauyin zango na farko, amma da sharaɗi biyu: a tashar da ɗansa ya buɗe za a riƙa ɗorawa, kuma ɗan nasa ne zai fito a babban jarumi. Da na kawo maganar rubuta yarjejeniya, sai ya yi dariya ya ce ai mun zama ɗaya. Matata kuma ta ce in rabu da Alhaji, za ta sayar da gwal ɗinta in yi aikin da shi. Na rasa ta cewa. Don Allah a ba ni shawara.

Wa'alaikumus salam, ƙanena.

Bari mu fara da abin da ba ya buƙatar dogon nazari. Kada ka taɓa gwal ɗin matarka. Ka yi mata godiya, ka sa mata albarka, ka ce ta mayar da shi inda ta ɗauko. Gwal ɗin mace shi ne abin da gida ke faɗawa a kai ranar da aka kwantar da yaro a asibiti ko mai gida ya turo takardar tashi. Kuɗin fim kuwa kuɗi ne da dole mai shi ya yarda tun farko cewa zai iya tafiya bai dawo ba. Ka riga ka zuba babur da adashe a wannan rami, bai kamata ka bi su da 'yan kunne ba. Idan fim na biyu ya kwanta kamar na farko, ba asarar kuɗi kaɗai za ka yi ba, za ka riƙa kallon kunnen matarka ba komai kullum safiya, kuma wannan nauyin ya fi bashi ciwo.

Sai yayarka. Kafin ka je gidan Alhaji, gidanta za ka fara zuwa, da ƙafarka, ba ta waya ba. Daga wasiƙarka na fahimci ba ku taɓa zama kun faɗi sunan kuɗin nan ba: rance ne, ko jari ta zuba a ci riba tare a yi asara tare? Kai a zuciyarka kana ganin jari ne, ita kuma tun da ta fara tambaya, rance ta ɗauke shi. To ka ɗauke shi a rancen, shi ya fi zaman lafiya. Ka faɗa mata gaskiyar abin da fim ɗin ya kawo, ka nuna mata a wayarka in ta kama, sannan ka yanka wani abu da za ka riƙa ba ta duk wata daga aikin hannunka, ko ɗaukar biki ne, ko tallan shaguna, ko aikin darakta a fim ɗin wasu. Ko kaɗan ne, in dai ba ya yankewa, zai kashe wutar. Abin da ke ɓata zumunci a irin wannan ba jinkirin biya ba ne, ɓuya ce.

Yanzu mu zo kan fim ɗin da ya ƙi dawo da kuɗi, domin in ba ka gane abin da ya same shi ba, ko Alhaji ya ba ka ninkin abin da ya yi alkawari, haka za a sake yi.

Ka ce duk wanda ya kalla ya yaba. Na yarda. Amma ban ga inda ka ce wane ne ya yi alkawarin saye kafin ka kunna kyamara ba. A nan matsalar take. Tun da aka fara wannan sana'a a Kano a 1990, har zuwa ƙarshen zamanin kaset da faifan CD, furodusa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata su ne masu saye, su buga, su rarraba har Maraɗi da Damagaram da Yamai. An sha kuka da su, ana cewa suna danne masu shiryawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma dai akwai mai saye, kuma sau da yawa tun fim na lokeshin an san hannun da zai faɗa. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka rushe wannan kasuwa. Yau mutum ɗaya zai sauke fim ɗinka daga intanet, ya zauna a rumfarsa da kwamfuta, ya tura wa ɗaruruwan wayoyi a kan 'yan canji, kai ko sisi ba za ka gani ba. Mutane da yawa da suka ce maka fim ya yi kyau, ta wannan hanyar suka kalle shi.

YouTube kuma ba ɗan kasuwa ba ne, ba ya sayen fim. Talla yake ɗorawa a kai ya raba kuɗin da kai: kashi 55 cikin ɗari naka, 45 nasa. Kafin ma a fara ba ka rabon talla sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata goma sha biyu. Bayan nan sai kuɗin ya kai dala 100 kafin a turo maka, a wajajen 21 ga wata. Sannan farashin talla ba ɗaya ba ne a ko'ina. Mai kallo daga Kano ko Tawa ba ya kawo abin da mai kallo daga Saudiyya ko Ingila ko Amurka ke kawowa, saboda masu talla a can sun fi biya. Shi ya sa za ka ga fim ya tara kallo dubu ɗari biyu ana ta taya mai shi murna, shi kuwa ya san abin da ya shigo ko kuɗin abincin lokeshin bai kai ba. Tashoshin da ka ga suna ci da wannan harka, ba da fim guda suke ci ba. Duk mako suna sakin sabon kashi, a rana ɗaya, a lokaci ɗaya, shekara da shekaru, tsofaffin ayyukansu kuma na ci gaba da kawo 'yan kuɗi a bayan fage. Kai kuwa fim ɗaya ka ɗora a sabuwar tasha ka koma gefe kana jira. Kamar mai tuwo ce ta tuƙa mai daɗi, ta kai shi lungun da ba kowa ke bi ba.

Kuma ina da yaƙinin yadda kuɗin ya ƙare, domin haka yake ƙarewa a hannun kusan duk mai fim na farko. Ranar ƙarshe a lokeshin, bayan isha'i, furodusa na tsaye a jikin mota yana ƙirga ragowar kuɗi a leda, 'yan wasa sun kewaye shi kowa na jiran sallama, mai janareta na cewa a cika masa kuɗin mai, mai gidan da aka ara na nuna ƙofar da aka ɓalla. Washegari a kai aiki wurin edita ba ko kwabo, shi kuma ya riƙe har sai an biya shi rabi. Kafin fim ya fito an yi wata uku ana roƙo da rance. Tirela a yi ta a gurguje, fosta a ba wani yaro ya haɗa a waya, talla kuwa sai dai a tura wa abokai a WhatsApp a ce don Allah a taya mu yaɗawa. Kuɗin gaba ɗaya ya tafi wajen yin fim, ba a bar komai ba don a sanar da mutane cewa an yi shi.

To, sai Alhaji.

Ba zan ce ka guje shi ba. A gaskiya irin kuɗinsa ne ya dace da fim, domin in ya tafi ba zai hana gidansa cin abinci ba. Kuma ba lallai ne yana da mugun nufi ba. Dattawa da yawa sun saba kasuwanci da baki da amana, suna ganin takarda alamar rashin yarda ce. Amma ka duba abin da ya nema da kyau. Tashar ɗansa ce, ɗansa ne jarumi, kuɗinsa ne. Idan babu rubutu, mene ne naka a ciki? A YouTube kuɗi na shiga asusun mai tasha ne, ba na wanda ya rubuta labari ko ya ba da umarni ba. Mabiyan da fim ɗin zai tara, na tashar ne. Idan zango na farko ya karɓu, babu abin da zai hana a kira wani darakta ya ci gaba da na biyu da labarinka, kai kuma ka koma kana ba da labari a majalisa cewa ai kai ka fara. Idan kuma bai karɓu ba, za a ce ka cinye kuɗin Alhaji, maganar ta je kunnen kawunka. Ta kowace fuska kai ne a ƙasa.

Saboda haka sai an rubuta. Yadda za ka faɗa masa shi ne abin lura. Kada ka tunkare shi kai kaɗai da takarda a hannu kamar ka zo karɓar bashi. Ka bi ta wurin kawunka, tun da shi ne silar haɗuwarku, ku je tare. Ka ce: “Alhaji, ba don ban yarda da kai ba ne. Rai a hannun Allah yake. In na faɗi gobe, ina so iyalina su san abin da ke kaina, in kuma ta Allah ta kasance a kanka, kada magada su zo muna jayayya.” Babu dattijon kirki da zai ƙi wannan magana. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Alhaji ya fi ka sanin haka.

Abu na farko da takardar za ta fayyace shi ne sunan kuɗin, kada a maimaita abin da ya faru da yayarka. Idan jari ne, shi da dukiya kai da aiki, to wannan shi ne ƙiradi a fiƙihu: ana raba riba bisa kason da aka amince tun farko, in kuma an yi asara ba tare da sakaci ko ha'inci daga gare ka ba, shi ya yi asarar dukiya, kai ka yi asarar wahalarka. Ku samu malami ya zaunar da ku a kan wannan, sannan lauya ya rubuta. Idan Alhaji ya ce a'a, kuɗinsa dole ya dawo ko an ci ko ba a ci ba, to rance ne, kuma ban ba ka shawarar ka ci bashin miliyoyi ka yi fim ba alhali na farko bai biya kansa ba.

Sannan a rubuta cewa labarin naka ne, da sunayen taurarinsa da duk wani zango da zai biyo baya. Tashar ɗan Alhaji izinin nunawa aka ba ta na wani wa'adi, shekara biyu misali, ba mallaka ba. A sa ka cikin masu kula da tashar, YouTube na da tsarin da mai tasha zai ba wani izinin shiga ya ga alƙaluman kallo da na kuɗi ba tare da ya ba shi lambar sirri ba, don kada ya zama sai abin da aka faɗa maka. A rubuta wanda ke da ikon sayar wa gidan talabijin da yadda za a raba abin da aka samu. Ka ajiye kwafin duk abin da aka ɗauka a lokeshin a wurinka, ba wanda aka tace kaɗai ba. Kuma ka yanka wa kanka ladan aikin darakta a cikin kasafin, daban da kason riba. Masu fim na farko suna jin kunyar wannan, sai su yi wata huɗu suna aiki kyauta da sunan ai fim ɗinsu ne, gida kuma babu cefane.

Maganar ɗan Alhaji ba ta kai yadda kake jin tsoronta ba, in ka iya tafiyar da ita. Kada ka ce bai iya ba tun ba ka gwada shi ba. Ka ba shi fitowa biyu daga cikin labarin, ɗaya ta fushi ɗaya ta kuka, ka ɗauka da kyamara, ku zauna ku kalla tare da mahaifinsa. Kyamara ba ta kara. In ya iya, ka samu jarumi da ba zai tsawwala maka kuɗi ba. In bai iya ba, Alhaji da kansa zai gani, sai ka ba yaron matsayi na biyu mai kyau, abokin jarumi ko ƙaninsa, inda zai koyi aiki ba tare da ya ɗauki nauyin fim ɗin a kansa ba. Ka bayyana wa Alhaji a harshen da ya fi ganewa, na kasuwa: mai kallo da ɗan datansa fuskar da ya sani yake dannawa, saboda haka ana buƙatar aƙalla sananniyar fuska ɗaya a fosta don kuɗinsa ya dawo. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wannan gaskiya ne, amma gara a yi cinikin askin tun kafin a karɓi ladan.

Ko da Alhaji ya amince da komai, kada ka karɓi kuɗin zango guda ka faɗa lokeshin. Ka rage aikin. Ka sake duba labarin ka mayar da shi gidaje uku ko huɗu da ka san za a ba ka aro, ka cire duk fitowar da ke buƙatar taron biki ko jerin motoci. Inda ba za ka yi rowa ba shi ne sauti da rubutu. Masu kallonmu za su haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba za su zauna suna kasa kunne ana magana iska na busawa a makirfo ba. Waƙa da kiɗan bayan fage kuma a yi maka naka, da rubutaccen izini daga mawaƙin, domin in ka ɗauko na wani, ranar da fim ya fara kawo kuɗi za ka ga an yi iƙirarin mallaka an karkatar da kuɗin tallan zuwa wani wuri. Ni a ganina, kwatan kuɗin gaba ɗaya ka ware shi gefe don aikin edita da talla, ka ba kawunka ya riƙe in ka san hannunka ba ya jure gani.

Kuma ka fita neman mai saye tun yanzu, da labarin a rubuce da ɗan gwajin minti uku a waya. Ka lura da finafinai masu dogon zango da ke tashe: kafin a fara da kuma tsakiya za ka ga tallan makaranta, na masu sayar da filaye, na shagon atamfa da leshi, na turare, na shinkafa. Wannan kuɗin sau da yawa ya fi na YouTube tabbas, domin a hannu ake ba da shi kuma da naira aka yi ciniki. Mai shago ba zai ba sabon shiga kuɗi mai yawa ba, amma uku ko huɗu in suka haɗu za su iya ɗauke maka abinci da sufuri. Wanda ba zai ba da kuɗi ba, zai iya ba da kaya: tela ya ɗinka wa jaruma, mai otal ya ba da ɗaki, a sa sunansu. Ka kai wa gidajen talabijin ma. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, fim mai dogon zango ya samu gurbi a talabijin, kuma ba ita kaɗai ke saye ba. Ko ba su saya ba, za su faɗa maka tsawon da suke so da ingancin da suke karɓa, ka ɗauki aikin daidai da haka tun farko.

Rancen gwamnati kuwa kada ka sa rai da shi a wannan matakin. An yi shirye-shirye irin wanda Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2019 don masu sana'ar fasaha, da na Bankin Masana'antu, amma irin waɗannan duk suna son kamfani mai rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da lissafi a rubuce, da tabbacin yadda za a biya, ga kuma batun kuɗin ruwa da sai ka tambayi malamai. Abin da za ka ɗauka daga nan shi ne ka yi rajistar kamfaninka, ka buɗe masa asusu daban, ka fara ajiye rasit. Manyan manhajojin kallon fim na waje ma ba abin dogaro ba ne: a farkon 2024 Amazon ta dakatar da ɗaukar nauyin sababbin ayyuka a wannan yanki na Afirka, ta bar manyan furodusoshin Legas ma suna neman mafita. Bukukuwan finafinai irin su KILAF a Kano da Zuma a Abuja suna da amfani, za su sa a san sunanka ka haɗu da mutane, amma suna suke kawowa, ba su cika biyan bashi ba.

Kada ka manta da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Ka sa kuɗin rajista da na tacewa a kasafi, ka kuma sa lokacinsa a jadawali. Wasu na ganin tun da a intanet za su saki, babu ruwansu da hukuma. A watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a lokaci guda kan batun sakin su ba tare da an kai an tace ba, ciki har da manya da kowa ya sani. Su suna da ƙarfin jure mako biyu ko uku ba sa kan allo. Kai in aka tsayar da kai a kashi na huɗu, masu talla za su nemi kuɗinsu, masu kallo su koma wani wuri.

Talla kuma tun ranar farko ta lokeshin ake fara ta, ba ranar saki ba. Ka sa yaro ɗaya da waya mai kyau wanda ba shi da aiki sai ɗaukar bayan fage. Ka yanko gajerun wurare masu zafi, rigimar kishiyoyi ko maganar da za ta sa a yi musu, a riƙa sakinsu a TikTok da Facebook da Instagram makonni kafin fitowa. Ka sa a cikin yarjejeniyar kowane ɗan wasa cewa zai ɗora fosta da tirela a shafinsa sau kaza, domin in ka bari sai bayan an sallame shi, roƙo za ka koma yi. Kada ka saki kashi na ɗaya sai kana da aƙalla huɗu a tace a ajiye. Ka zaɓi rana da lokaci ka riƙe su, ka kauce wa daren da manyan finafinai ke fita. Minti na farko kuma ka shiga labari kai tsaye, jerin sunaye da gaisuwar iyayen gida su koma ƙarshe.

Fim ɗinka na farko ma bai mutu ba. Ka shiga alƙaluman tasharka ka duba a minti na nawa mutane ke ficewa, da ƙasashen da suke kallo daga ciki, wannan darasi ne da ka riga ka biya kuɗinsa. Ka canza hoton fuska da take. Ka gwada yanka shi kashi-kashi, kowanne ya haura minti takwas don a iya sa talla a tsakiya. Ka sa masa fassarar Turanci a ƙasa, ka kai wa gidajen talabijin, ko ka ba wata babbar tasha ta nuna na wani wa'adi ku raba abin da ya shigo, shi ma a rubuce. Duk abin da ya fito daga nan, na yayarka ne har sai ka gama biyanta.

Idan kuma ka je da kawunka, ka yi duk ladabin da ya kamata, Alhaji ya dage cewa ba za a rubuta komai ba, to ka yi masa godiya ka ce za ka yi shawara, kada ka koma. Ka ajiye dogon labarin a aljihu, ba ya ruɓewa. Ka ci gaba da aikin wasu kana biyan bashi, a gefe kuma ka riƙa yin gajerun finafinai na minti goma da 'yan wasa uku a gida ɗaya kana ɗorawa a tasharka duk mako biyu, har ta tara mutanen da za ka iya nuna wa mai talla ka ce ga su.

Allah ya rufa asiri, ya sa albarka a sana'a. Ka gaishe da mai ɗakinka.